Wayar Bayan Talabijin

Da yatsu biyu tsohon malamin ya sassauta wayar da ke bayan talabijin, daidai yadda hoto zai ɗauke ya bar shuu. Ya koma kujerarsa, ya gyara zaman tabarau, ya ɗora hannuwa a kan gwiwa. Shekarun da ya yi yana kama ɗalibai da satar amsa sun koya masa yadda fuskar marar laifi take.

Gidan shiru yake kamar an share. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗansa tilo, siririn saurayi mai yawan tambaya, ya tafi karatu, tun daga nan ko leƙe. Maƙwabciya ce ke kawo abinci, ta ajiye ta fita. Mai gyaran talabijin kaɗai ke zama, shi kuwa mai gyara ba ya zuwa sai abu ya lalace. Don haka abu yake lalacewa.

Da rana ta yi sanyi mai gyaran ya iso. Ya ɗan ɗaga ƙofar kafin ya tura, don takan cije a ƙasa. Mutum ne mai furfura a gemu, rigarsa tsaf, kayan aikinsa duka ɗan ƙarfen kwance noti ne guda a aljihu.

"Baba, ta sake?"

"Ta sake. Kayan zamani ba su da alƙawari."

Mai gyaran ya tsugunna a bayan akwatin, ya daɗe yana lalube. Tsohon ya zuba wa ƙeyarsa ido. Ranar da mutumin nan ya gano ba lalacewa ba ce, ranar zai ɗauke ƙafa. Wa zai riƙa ɓata yammacinsa saboda tsoho maƙaryaci?

Hoto ya dawo.

"Sai mun gwada ta," in ji mai gyaran, kamar kullum. Ya kunna fim, ya shiga kicin, ya fito da shayi kofi biyu, da ƙwayar magani a gefen faranti. Sukarin kaɗan ne, yadda tsohon yake so. A ransa ya yaba da tarbiyyar mutumin. Wani uban ya yi dace.

Fim ɗin na 'yan sama jannati ne, irin waɗanda tsohon ya fi so. Ba ya musu da jirgi mai gudun haske, ko dodo mai ido bakwai. Duk ƙaryar da aka yi wa taurari yakan yafe. Wadda ba ya yafewa ita ce ƙaryar da aka yi wa ɗan Adam. Kowane mataki mutanen fim suka ɗauka sai ya ba shi maki, a kan goma, da babbar murya.

Kyaftin ya buɗe wa wata baƙuwar halitta ƙofar jirgi.

"Sifiri. Ko akuya ba ta buɗe wa kura ƙofa."

Likitar jirgin ta cire hular ƙarfenta don ta shaƙi iskar duniyar da ba ta sani ba.

"Wannan da a ajina take, da ta maimaita shekara."

Mai gyaran ya yi dariya har shayinsa ya fallatsa. "Baba, anya ka taɓa ba wani goma?"

"Goma ta Allah ce. Ɗana ma da ya cinye lissafi duka, tara na ba shi, don bai ja layi a ƙarƙashin amsa ba. Ya wuni yana kuka."

Mai gyaran ya sunkuyar da kai yana kallon cikin kofinsa.

A ƙarshen fim ɗin, jirgin ceto ya sauka a wata busasshiyar duniya. Mutum ɗaya ya rage a can, injiniya, tare da wata tsohuwar na'ura mai siffar mutum wadda ta daɗe tana yi masa hidima. Ƙwaƙwalwarta ta ƙone. Kullum safiya takan gaishe shi gaisuwar baƙo. Babu wurinta a jirgin. Injiniyan ya ɗaga wa jirgin hannu, ya koma ya zauna kusa da ita.

Tsohon ya ajiye kofi da ƙarfi.

"Sifiri. Tsagwaron ƙarya. Wa zai zauna saboda abin da ko sunansa bai sani ba?"

"Shi ai ya san ta, Baba."

"Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗan Adam dole ya gaji. Ni da ɗana ya san ni sarai, na san shi, ka gan shi a nan?"

Mai gyaran ya miƙe. Ya wanke kofunan, ya kife su a inda suke zama, ya jawo bargo ya rufe wa tsohon ƙafafu. Sai da ya kai ƙofa tsohon ya iya buɗe baki.

"In ta sake fa?"

"Zan zo." Ya ɗan tsaya. "Amma in za ka leƙa bayanta, Baba, ka riƙa kashe wuta tukuna. Lantarki bai san malami ba."

Kunya ta kama tsohon. Ashe an daɗe da kama shi. Amma mutumin ya ce zai zo, kuma ba da baƙin rai ya faɗa ba. Ya lallaɓa zuwa taga don ya ga tafiyarsa.

Maƙwabciyar tana kwashe shanya. Iska ta kawo masa maganarsu, ya ji ta sarai, bai dai san da wa suke ba.

"Yau fa? Ya gane ka?"

"Bai gane ni ba, Inna," in ji mai gyaran, yana share ido da bayan hannu. "Amma yau ya tuna taran da ya ba ni, har da kukan da na yi."