Masuncin da Bai Jira Taurari Ba

Tunda ka ce na'urarka ta yi maka ƙarya, gyara zama ka ji misali. An yi wani masunci a bakin wani babban tafki, mutum mai zafin nama, wanda ko fura a tsaye yake sha. Ɓarayi sun addabe shi: duk inda ya nutsa gurarsa ta kamun kifi ya kafa sanda don alama, kafin ya dawo an kwashe. Sai surukinsa ya aiko masa da 'yar na'urar nan ta GPS, wadda in ka danna take riƙe maka wuri. Shi ke nan, ya huta da kafa sanda. Don kada ruwa ya taɓa ta, ya samo gwangwani mai murfi ya mai da shi gidanta. Ran nan ya loda gura goma sha biyu, iyakar abin da ya mallaka ke nan, ya tura kwalekwale can tsakiyar ruwa ya ɗaure su a igiya ɗaya ya nutsa su. Ya buɗe gwangwani, ya kunna, ya danna, ya rufe, ya juyo gida, duk a ƙiftawar ido. Bayan kwana biyu ya bi na'ura har inda ta nuna, ya zura ƙugiya. Wayam! Kwana uku bawan Allah yana lalube, ba gura ba dalilinta. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don in gurar nan ta tafi, tukunyar gidansa ta sauka.

Rana ta huɗu ya zauna a gaɓa, ya ciro na'urar kamar ya wurga ta ruwa. Amma shi mutum ne mai son sanin ƙwaƙwaf, sai ya kunna ta ya bar ta a tafin hannu ya zuba mata ido. Can ya ga wasu 'yan sanduna suna tsirowa a fuskarta kamar shuka bayan ruwan fari, biyu, uku, har tara, wani dogo wani gajere. A gefe kuma ga wata lamba tana sauka, daga ɗari har ta tsaya a huɗu. Ya kifa mata gwangwani ya leƙa ta ƙasa, sanduna suka mutu. Ya ɗage, suka farfaɗo. Ya shiga ƙarƙashin tsamiya, suka ragu. Ikon Allah! Wata ma'aikaciyar rigakafi da ke jiran jirgin tsibiri ta ga dattijo yana ta shiga da fita a inuwa, ta matso ta leƙa.

Ta ce, "Baba, kowane sanda tauraron ɗan'adam ne da take jiyowa daga sama. Sai ta ji aƙalla huɗu take sanin inda take. Lambar nan kuwa faɗin shakkarta ce. In ta ce ɗari, to, kana iya kuskure wurin da taku ɗari ko fiye."

Masunci ya riƙe baki, kunya ta kama shi. Ashe ran nan daga duhun gwangwani ya fito da ita, bai bari ta ga sama ba ya tambaye ta. Ita kuwa ta rubuta shakkarta ɓaro-ɓaro, shi ne bai duba ba. Washegari ya koma ya faɗaɗa lalube, yana kewaya wurin daga nesa, har ƙugiya ta kama igiya. Gura dai ta fito, amma tarwaɗar ciki duk ta mutu ta ruɓe, kamun mako guda ya tafi a banza. Jiran da ya ƙi yi bai kai na shan ludayin fura biyar ba.

To ka ji, malam. Kafin ka zargi na'ura, fito da ita fili ka bar ta ta ƙirga taurarinta. Hausawa dai sun riga sun faɗa: sauri ya haifi nawa.