Motar da Ta Sha Iska

Tunda ka ce ranar Asabar za ka kama hanya, kuma sai Asabar ɗin da safe za ka leƙa gareji, to gyara zama ka ji labarin wani mai kiwon kifi. Mutumin kirki ne, sai dai akwai jan ƙafa. Mako uku famfon ruwan motarsa yana kuka kamar tsohon injin markaɗe, shi kuwa kullum sai ya ce gobe. Sai ranar da aka aiko masa cewa 'ya'yan tarwaɗa dubu biyun da ya yi wata biyu yana jira sun isa ɗauka, in bai zo yau ba akwai masu so, sannan ya tuna hanyar gareji. Bakanike ya kwance tsohon famfo, ya kankare mazauninsa, ya shafa gam, ya ɗaura sabo fil daga kwali. Yana wanke hannu zai wuce kasuwar kayan gyara ya ce, "Alhaji, aiki ya yi. Amma a bar ta ta sha iska tukuna." Mai kifi ya ce a ransa faɗuwa ta zo daidai da zama, ina iskar da ta kai ta babban titi? Ya ɗebo ruwa a bokiti ya cika lagireto da hannunsa, ya sauke gilasai duka huɗu, ya ba ta wuta.

Lafiya lau ya isa inda ake ƙyanƙyasar kifin. Aka zuba masa su a jarkoki huɗu da aka yanke wa baki, aka ja masa kunne kada ya bari ruwansu ya yi zafi ko ya ragu. A dawowa ne, rana ta take tsaka, ya ga allurar zafi tana hawa. Ya tsaya ya ɗaga bonet, ya duba tiyo lafiya, lagireto lafiya, sai ga ruwa yana ɗiga ɗis, ɗis, daga gefen famfon nan da ko ƙura bai sha ba. Nan kansa ya ɗaure. Tsoho ya yi mako uku yana kuka bai zubar da ko ɗigo ba, sabo kuma ya zo da fitsarin kwance? Ya ce jabu aka sayar masa. Ya ce a'a, ai shi ya ga hatimin kwalin. Ya ce to bakanike bai ɗaure ba, ya kama notin da sifana ya ji su tamau. Har bakin mutane sai da ya zarga, don tun da ya haƙa kududdufin kifin nan ake yawan yaba masa. Wani mai sayar da fetur a galan ya ce ƙwai ake fasawa a lagireto, wani direban tirela ya ce ƙwai na 'yan koyo ne, garin kuka shi ne magani. Mai kifi, da yake wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, ya zuba duka biyun. Bai yi nisa ba motar ta soma ƙamshin miya, yoyon da yake fari ya koma kore mai yauƙi, kuma bai ragu ba.

Daga nan hanya ta shiga dajin da babu gari babu rijiya. Allura ta sake hawa, tururi ya taso, ruwan gorarsa ya ƙare. Ya tsaya yana kallon inji, yana kallon jarkoki. In ya zauna jiran taimako, rana za ta dafa kifin a inda suke. In zai tafi, babu ruwa a duniyar nan sai nasu. Ya cire hularsa ya tace da ita, ya ɗiba kaɗan daga kowace jarka ya zuba a lagireto, yana ba kifin haƙuri a zuci. Bayan tafiya kaɗan ya sake ɗiba. A tsayawa ta huɗu ne ya samu waya ta shiga, ya kira bakanike yana faɗa, wai wane irin famfo ne wannan. Bakanike ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, kana ina ne? Ba na ce a bar ta ta sha iska ba?" Mai kifi ya ce ai iska kam ta sha ta more, tun safe suke kan titi. Can sai ya ji bakanike ya saki salati. Ashe gam ɗin ake nufi, a bar shi ya bushe ya kama kafin ruwa ya taɓa shi. Shi kuwa ya kwara masa ruwa yana ɗanye, zafi da gudu suka wanke shi.

Haka ya lallaɓa, tafiya kaɗan ɗiba kaɗan, sai bayan la'asar ya shigo gida. Motar dai ta iso, famfon ma babu abin da ya same shi, washegari aka sake shafa gam aka bar shi ya kwana, har yau bai ƙara ɗiga ba. Amma da ya leƙa jarkokin, ruwan bai fi taƙi ɗaya ba, ɗumi kamar na wankan jego, kifin sun juyo da fararen cikkunansu sama. Ya sa hannu ya yi ta lalube, ya tsamo goma sha bakwai masu motsi. Ya zuba su a kududdufin da ya haƙa don dubu biyu, ya tsuguna a bakinsa yana kallonsu.

Saboda haka kai motar nan gareji yau, ta kwana can, ka ji maganar mai gyara da kunnen da ba ya sauri. Ba a fafe gora ranar tafiya.