Tagar Ɗakin Girki

Karo na uku ke nan da Wiebke ke tarar da tagar ɗakin girki a rufe.

"Frauke! Wai ke ce ke rufe min taga? Warin maganin goge-gogen nan zai kashe ni!"

'Yarta ta leƙo daga saman bene da tsumma a hannu. "Haba Mama, ni da ko saukowa ban yi ba?"

Wannan ce babbar sharar gida ta ƙarshen sanyi ta farko tun rasuwar mijinta, Hinnerk. Da yana nan da tuni ya fara mita, yana kaɗa mata hannun nan nasa mai yatsa huɗu: kada a karkata taga a bar tsaga ta sama, mage kan cusa kai ta maƙale har ta mutu. Shekara talatin tana ce masa ya cika tsoro.

Ta sake karkata tagar, ta goge gilashin tas. Ta sunkuya ɗaukar bokiti ke nan ta hango magensu Pelle ta yi tsalle, ta nufi tsagar, tana bin tsuntsu.

Sai ta ji ƙaras! Taga ta rufe.

Pelle ta diro lafiya, ta shiga zagayawa tana goga jikinta kamar a ƙafar mutum, a inda babu kowa.

A jikin gilashin da ta goge yanzun nan, ta ciki, ga shatin hannu. Wiebke ta ƙirga yatsun har sau biyu. Huɗu ne.