Igiyar Baba da Jinkar Ɗakinmu

Da ruwan madatsar Tiga ya tashe mu, jinkar ɗakinmu kaɗai Baba ya tsira da ita. Dole a yi gini daidai ita, ga damina ta matso.

Ya zagaye bakin jinkar da igiya, ya ninka igiyar uku, ya rage kaɗan. "Ga faɗin ɗaki, uwata. Riƙe nan."

Kawu Sale ya ce, "Yaya, wallahi sai ta rufta muku a ka."

Baba ya ci gaba da awonsa. Da gini ya bushe, jinka ta zauna daram.

Jiya jikata ke nuna min lissafin da'ira a littafin sakandare, tana taƙama. Na ce, "Ke, baƙaƙen boko ne na koya da furfura. Wannan lissafi kuwa, ni na riƙe wa Baba igiyarsa."