Mabuɗi a Kan Ƙusa

Sarƙar na nan yashe a gindin taga, kwaɗon a buɗe. Keken ne babu.

Auta ta yi tsaye da bokiti a hannu, ruwan wanka bai gama bushewa a jikinta ba. Ta kai hannu wuyanta, inda zaren mabuɗin ke kwana yana tashi, ta ji wayam. Sai ta tuna. Da za ta shiga wanka ta cire shi don zaren ya fara cin wuyanta, ta rataye shi a ƙusar bakin ƙofa. Ƙusar nan kuwa Baba ne ya kafa ta da hannunsa, a nan mabuɗin ya zauna duk shekarun da ya yi yana kai burodi shaguna. Tun da Baba ya daina fita, Auta ba ta taɓa yarda mabuɗin ya koma wurin ba sai yau.

Ta dubi ƙusar, babu mabuɗin. Gidan tsit, in ban da rediyon ɗakin Baba da ke ta surutu shi kaɗai.

Satar keke ta addabi layinsu a bana, kowa ya ɗauki mataki. Wani ya cire tayar gaba ya shige da ita ɗaki, wani ya kwana da nasa a gefen gado. Amma na Auta ya fi na kowa: sarƙa mai kauri, ta ratsa ta jikin keken da tayar baya, ta ɗaure a ƙarfen taga, dare da rana. Duk a kan tsohon keke mai akwatin katako a baya, fenti duk ya ɓare. Maƙwabta har tsokanarta suke yi, wai kwaɗon ya fi keken daraja, alhali tukunyar gas ɗinta a tsakar gida take kwana ko igiya babu. Yayanta ya sha ce mata ta sayar kowa ya huta. Ta ce zuciyar Baba ba za ta ɗauka ba.

Ta zura riga a baibai, ta fita da gudu ba ko takalmi.

Mai shagon da ke kallon ƙofarsu yana duƙe yana jera kwalaye.

"Kawu, ba ka ga an fita da keken ba?"

"An ɗauke? Ashsha! To ki kwantar da hankalinki, 'yar nan. Wanda ya saci wannan tsohon ƙarfen ai da kansa zai dawo miki da shi, har ya ba ki haƙuri."

"Kawu, don Allah! Ina aka nufa?"

Da ya ɗago ya ga fuskarta, dariyar ta maƙale masa. "Ban gani ba. Na dai ji ƙararrawa, ana ta kaɗa ta, an yi wajen babban titi."

Auta ta juya ta dubi hanyar titin. Da ma lungun baya aka bi, da sauƙi. Babban titin nan shi ne wanda aka faɗaɗa bara, manyan motoci ke zuba gudu a kai kamar ba su san birki ba, mai ƙafa da lafiyarsa ma sai ya yi addu'a kafin ya tsallaka.

Ta ruga. Tsakuwa na sukar tafin ƙafarta ba ta ji. A bakin kwata ta ga sawun taya ya karkace, ya goge bango, ya sake miƙewa. Gaba kaɗan wata mai sayar da lemo na tsince kayanta da suka watse a ƙasa, tana zage-zage tana nuna hanyar titi. Auta ba ta tsaya ba. Bakinta na ta maimaita kalma ɗaya, Allah, Allah, tsoro ya hana ta haɗa sauran.

Kafin ta ƙarasa ta ji ƙarar birki mai tsawo, irin wadda ke sa a rufe ido a jira abin da zai biyo baya. Sai ƙarar ham ɗin motoci ta kaure ko'ina.

Ta kutsa cikin mutanen da suka taru. Wata tirela ta tsaya a karkace, direban ya leƙo yana ta ihu. A gaban hancinta, tazarar da ba ta kai taku guda ba, ga keken a tsaye, mahayin ya sauke ƙafa ɗaya a kwalta, yatsansa na ta kaɗa ƙararrawa a ba shi hanya.

Auta ta ratsa motocin, ta riƙe kan keken da hannu biyu.

Baba ya shafa yatsunta har ya gane su, sannan ya juyo mata da idanunsa da suka daɗe da daina gani, ya ce, "Auta, sake ni mana, na makara, shaguna na jiran burodi."