Allurar da Za Ta Kai Magariba

Firdausi ta farka ba ta yi kuka ba. Tun da sassafe likitocin zuciya da suka zo Sakkwato aikin mako guda suka zura mata siririn bututu ta jijiyar cinya har cikin zuciyarta. Da suka zare shi, babban likitan ya yi mata allurar kashe zafi a wurin da aka huda.

Shekarunta shida, kuma tun tana goye leɓɓanta suke yin shuɗi idan ta yi kuka. Ba ta taɓa tsallake tsakar gidansu da gudu ba.

"Inna, ƙafata ta yi barci," in ji ta, tana dariya.

Uwarta Ramlatu ta taya ta dariyar. Ubanta Malam Attahiru, malamin firamare a Shagari, ya tambayi ma'aikaciyar jinya tsawon lokacin da allurar za ta yi. Ta ce za ta kai magariba. Ya dubi agogonsa.

Bayan azahar aka sallame su. Attahiru ya shiga ofishin likita karɓar takarda, ya ɗan jima, ya fito da fara'a.

"An gyara, Ramlatu. Ya ce ɗiyarki ta warke."

"Alhamdu lillahi, Malam," ta ce, ta sunkuya tana ɗaure kaya. "Je ka nemo mota, in shiga in yi mai godiya."

A mota ba wanda ya tambayi ranar komowa asibiti. Ramlatu ta kwantar da yarinyar a cinyarta, ƙafar a miƙe kamar yadda aka ce. Attahiru yana gaba, yana ta ba direba labarin aikin da ƙarfi, har da yadda za a sa Firdausi makaranta baɗi.

A Bodinga ya sa aka tsaya. Mutumin da bai taɓa yarda ta sha abu mai sanyi ba ya dawo da lemon kwalba, da tsire, da jajayen takalma na roba.

"Malam, takalman ga sun yi mata daidai ƙwarai. Da ka ɗauko manya, ta girma cikinsu."

"Bari dai ta sa su yanzu."

Ramlatu ta sa mata su da kanta.

Bayan la'asar gidan ya cika. 'Yan'uwa suka zo a babura daga Kajiji, maƙwabta suka kawo fura. Ramlatu ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dushe. Duk wanda ya shigo sai ya tambayi Firdausi ko da ciwo, ta girgiza kai, a ce lallai aikin ya yi kyau. Leɓɓanta suna nan yadda suke. Attahiru ya ce sai a hankali za su washe. Ramlatu ta ce ita ma haka aka gaya mata.

Da rana ta yi ƙasa Firdausi ta daina dariya. Ta dafa cinyarta.

"Baba, ƙafata ta tashi."

Attahiru ya fita zaure, wai zai yi alwala. Ramlatu ta shiga madafa, wai za ta duba tukunya. Kowannensu ya daɗe bai dawo ba.

A Sakkwato kuwa likitan yana rufe fayil ɗinta. Bututun na gwaji ne kawai, kuma abin da ya nuna shi ne huhunta ya riga ya lalace, zuciyar ba ta gyaruwa, wannan allurar ce iyakar abin da ya iya yi mata. Duk ya gaya wa uban, uban ya roƙe shi kada matarsa ta ji. Minti goma bayan haka uwar ta shigo, ta tsare shi har ya faɗa mata, ta durƙusa ta roƙe shi don Allah kada Malam ya sani.