Ranar da Shanu Suka Tayar da Tsuntsayen Fadama

Mai unguwa, ka ce tunda aka naɗa maka rawanin nan kowa da fara'a yake zuwa gaishe ka, har ka kasa gane masoyi da mai jiran ka zame. To gyara zama, ka ajiye carbin nan tukuna, in ba ka labarin wani mutum.

Wani dattijo ne a ƙasar Hadeja da Allah ya jarrabe shi da son kallon tsuntsaye. Kar ka yi dariya, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Da kaka ta yi, ruwa ya fara janyewa daga fadama, baƙin tsuntsaye suka tsallako hamada suka sauka a taɓo, shi ke nan, gida ya rasa shi. Ya rataya madubin hangen nesa a wuya, ya shige cikin ciyawar kacala ya tsuguna. Kuma aikin ba wasa ba ne! Balbela da zalɓe ko yaro ya san su. Amma je ka wajen masu dogayen ƙafafun nan da ke caccakar laka, duk launin toka, duk baki kamar tsinke. Ko fararen nan masu kama da tantabara da ke shawagi a kan ruwa, waɗanda ɗan bana da ɗan bara da uwarsu kowa da irin gashinsa, har ka rantse iri uku ne alhali gida ɗaya suka fito. Duk ya bi su ya rarrabe, sai guda ɗaya da ta gagare shi. Ita wannan ba ta cika zuwa ba, in ma ta zo sai ta saje cikin danginta masu yawa, bambancinsu ɗan tsawon baki ne da ɗan hasken gira. Shekara da shekaru yana nemanta. Ga shi kuma yanar ido ta fara rufe masa gani, likita ya faɗa masa gaskiya cewa baɗi war haka sai dai a ja shi da sanda. Tsoro ya kama shi ƙwarai, kada duhu ya riske shi bai gan ta ba.

To ka san dokar masu wannan sha'awa: ba a tayar da tsuntsu. Ana so ya tsaya cik a ƙare masa kallo. Shi kuwa ya riƙe dokar nan har ya wuce gona da iri. Masunci ya buga kwale-kwale, ya harare shi. Mata su zo wanki, ya roƙe su su rage murya. Tari ma sai ya toshe baki da hula. Ai kuwa tsuntsaye suka saba da shi, su yini a gabansa shiru, kai a ƙasa, suna kiwo, shi kuma yana bin su ɗaya bayan ɗaya da idon da ke ƙwalla, duk sun zame masa abu guda.

Ran nan da hantsi, garken tsuntsaye ya sauka irin wanda bai taɓa gani ba, taɓo ya yi baƙi ƙirin da tsuntsu. Ya ce a ransa yau ko ba ta nan ai tana nan. Yana cikin saita madubi, sai ga makiyayi ya koro shanu za su sha ruwa, suka faɗo fadamar facal-facal. Tsuntsaye suka tashi fir, gaba ɗaya! Dattijo ya miƙe, ya buɗe baki zai zazzaga wa makiyayin nan abin da bai taɓa ji ba. Sai ya tsaya da baki buɗe. Sama ta cika da kuka, kowace na kiran 'yan'uwanta, dubbai suna yin iri ɗaya, amma can a gefe ga wata murya ita kaɗai, gajera, mai ɗagawa sama kamar fito. Kai! Ya san kukan nan, ya sha jin sa a waya, bai dai taɓa ba ta dalilin yin sa ba. Ya bi sautin da kunne, ya bi, ya bi, har ta sauka a wani ɗan tudu ita kaɗai. Ya ɗora madubi. Ga baki, ga gira, ga ta nan ɓaro-ɓaro!

"Allahu Akbar! Ita ce! Wallahi ita ce!"

Mutumin da ko tari ba ya yi, sai ga shi yana ihu, takalmi ɗaya ya maƙale a laka bai ko waiwaye shi ba. Ya nufi makiyayi a guje. Shi kuwa bawan Allah ya gyara riƙon sanda yana zaton faɗa ne, sai ya ji an rungume shi ana sa masa albarka, shi da shanunsa. Dattijo ya zauna a taɓo yana dariya yana hawaye, don ya gane wataƙila ta sha tsayawa a gabansa, shi ne ya hana ta magana.

To Mai unguwa, kar ka wahalar da idonka a kan masu gaisuwa. Ranar lafiya duk kalarsu ɗaya. Bari wata 'yar rigima ta faɗo unguwar nan, kowa ya firgita, sannan ka kasa kunne. Hausawa sun riga sun gama magana: kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.